Kwafin zane-zanen Holan na ƙarni na 19 a wani shago a Katsina: inda bugun ya yi kyau da inda ya gaza

A kan titin da ya taso daga Ƙofar Ƙaura zuwa cikin gari akwai wani ƙaramin shago da ɗaliban zane da masu rubuta allunan talla suka daɗe da sani, domin a nan ake samun fensir mai laushi da baƙin alli da takardar zane mai kauri, kuma a nan ake sa wa hoto firam. A bana mai shagon ya ƙara wata haja da ban taɓa gani ba a garin nan, wato kundin takardu 40 da ba a ɗinke ba, a cikin jakar kwali, kowace takarda ɗauke da kwafin wani zane da masu zanen ƙasar Holan suka yi tsakanin farkon ƙarni na 19 da ƙarshensa. Hotunan ba mallakarsa ba ne, bai kuma ce nasa ba ne. Masu zanen sun daɗe da rasuwa, haƙƙin mallakar ayyukansu ya faɗi, sa'annan babban gidan adana zane na Amstadam, Rijksmuseum, ya buɗe wa jama'a hotunan kayansa kyauta a intanet tun 2012. Saboda haka wanda ya sayi kundin nan ba zanen yake biya ba, yana biyan kuɗin zaɓen da aka yi masa ne da takarda da bugu, kuma a kan waɗannan ya kamata a auna hajar.

Abin da ya fi kome daraja a kundin shi ne yadda aka jera takardun bisa shekaru. Yawancinmu da muka koyi zane a makaranta sunan mutum biyu muka sani daga Holan, Rembrandt wanda ya rasu a 1669 da Vincent van Gogh wanda ya rasu a 1890, kamar dai shekara 200 da ke tsakaninsu babu wanda ya riƙe fensir a ƙasar. Wanda ya baje takardun nan a kan tabarma daga ta farko zuwa ta ƙarshe zai ga cewa sauyin da ya kai ga zanen zamani bai zo da tsalle ɗaya ba. Hannun malami ne yake ɗan sassautawa a hannun almajiri, na almajirin kuma ya ƙara sakewa a hannun wanda ya biyo shi, har layin da ake ja a hankali domin ya kwaikwayi ganyen itace ya zama layin da ake ja da gudu domin ya kama motsin iska. A zanen takarda ake ganin wannan fiye da a babban hoton fentin mai, domin takarda ba ta ɓoye shakkar hannu ko gyaran da aka yi.

Takardun farko na mutanen da suka tashi cikin tsohuwar tarbiyya ne. A lokacin yaro ba ya fara da kallon duniya, yana farawa ne da kwafe zanen magabata, daga nan ya koma zana mutum-mutumin filasta, sai ya ƙware kafin a bar shi ya zana mutum mai rai. Abin koyin kuwa a bayyane yake, wato manyan masu zanen ƙarni na 17 irin su Ruisdael da Cuyp, waɗanda mutanen Holan suke ɗauka a matsayin zamanin ɗaukakarsu, musamman bayan mulkin Faransawa ya ƙare aka kafa masarautar ƙasar a 1815 ana neman abin alfahari na gida. Ƙungiyoyi ne suka riƙe sana'ar: Felix Meritis da aka kafa a Amstadam a 1777 tana da sashen zane, Arti et Amicitiae ta biyo a 1839, sai Pulchri Studio a birnin Hague a 1847. A irin waɗannan wurare akwai al'adar zama da dare a kewaye tebur, a fito da zane-zane daga jaka, ana miƙa su daga hannu zuwa hannu ana tattaunawa. Ko mai shagon ya san haka ko bai sani ba, barin takardun a warware da ya yi ya dace da yadda aka saba kallonsu tun asali, kuma ya fi amfani ga malamin da zai raba wa aji.

Cikin wannan kashi Andreas Schelfhout (1787–1870) da Barend Cornelis Koekkoek (1803–1862) ne suka fi samun wuri. Na farko ya yi suna da zanen lokacin sanyi, kogi ya daskare mutane suna sulɓi a kan ƙanƙara, na biyu kuma da manyan itatuwan daji, har ya zauna a garin Kleve na Jamus ya buɗe makarantar zane a can a 1841. Bugun waɗannan ya fito tsaf, domin layukansu a fili suke kuma iyakar kowane abu a tsare take, irin aikin da na'ura ba ta wahala da shi. A ganina babu takardar da ta fi ta Koekkoek amfani ga mai koyon yadda reshe yake fita daga gindi da yadda ake tara ganye ba tare da an zana shi ɗaya bayan ɗaya ba. Amma duk wanda ya dube ta da kyau zai gane cewa dajin nan shirya shi aka yi. Mai zanen yakan fita ya kwafo itace a nan da dutse a can, sa'annan ya koma ɗaki ya haɗa su yadda ido zai fi so, da haske a tsakiya da duhu a gefe. Gwaninta ce babba, sai dai yanayin da ta nuna ya fi na gaske tsafta.

A nan ne na fara samun abin ƙorafi game da zaɓen. Johan Barthold Jongkind (1819–1891) takarda ɗaya kacal aka ba shi, alhali shi ne gadar da ta haɗa kashi na farko da duk abin da ya biyo baya. Almajirin Schelfhout ne, ya tafi Faris a 1846, ya riƙa zana tashoshin jiragen ruwa da bakin kogi a wurin da fensir da fentin ruwa cikin sauri, yana barin farin takarda ya yi masa aikin haske. A 1862 ya haɗu da mai zanen Faransa Claude Monet yana saurayi a gaɓar tekun Faransa, kuma Monet da kansa ya amsa daga baya cewa a wurin wannan mutum idonsa ya kammala koyon kallo. Ke nan salon da Faransawa suka yi suna da shi, na kama haske kamar yadda ya faɗo a ido cikin ɗan lokaci, yana da jijiya ɗaya da ta fito daga ɗakin koyarwar wani tsohon mai zanen ƙanƙara a Hague. Kundin da ya ba Jongkind takarda ɗaya ya bar mai kallo yana tsallake wannan gada ba tare da ya san ya taka ta ba.

Tsakiyar kundin, wadda ita ce zuciyarsa, ta ƙungiyar da wani mai sharhi ya raɗa wa suna Makarantar Hague a 1875 ce: Jozef Israëls da masuntansa da matansu masu jiran dawowar jirgi, Johannes Bosboom da cikin majami'u, Jan Hendrik Weissenbruch da faɗin sama a kan fadama, Anton Mauve da tumakinsa, da 'yan'uwan nan uku, Jacob da Matthijs da Willem Maris. Sun ɗauki darasi daga Faransawan ƙauyen Barbizon da suka fita daji suna zana abin da suka gani, suka kuma yi nasu sansanin a ƙauyen Oosterbeek na Holan, amma ba su yar da magabatansu na ƙarni na 17 ba. Abin da suka bari shi ne shirya yanayi. Suka karɓi ƙasarsu yadda take, shimfiɗaɗɗiya mai laima, da sama mai nauyin girgije, har aka riƙa kiran aikinsu da na masu ruwan toka. Fentin ruwa ya zama babban makaminsu, kuma a 1876 suka kafa ƙungiya ta musamman a Hague domin baje kolinsa kowace shekara, ta yadda aikin takarda ya daina zama share fagen hoton mai, ya zama haja mai zaman kanta da masu saye daga Ingila da Sikotilan da Amurka da Kanada suke nema.

To, daidai wannan wuri ne bugun shagon ya gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. Ruwan tokar waɗannan mutane ba launi ɗaya ba ne. Hawa-hawa ne masu yawa, wani ya karkata ga shuɗi, wani ga rawaya, wani ga kore, kamar yadda hazon hunturu yake rufe garin nan da safe amma mai ido ya iya bambance ganuwa da itace da mutumin da ke tafe duk a cikinsa. Na'urar da aka yi amfani da ita irin ta buga takardun ofis da kalanda ce, mai garin tawada da zafi yake mannawa a kan takarda, kuma an saita ta ta ƙara baƙi ta ƙara fari domin hoto ya fito da ƙarfi. Sakamakon haka saman Weissenbruch, wanda a asali ruwa ne aka shimfiɗa aka goge aka sake shimfiɗawa har haske ya zauna a cikinsa, ya koma fili fari fat a wani gefe da dunƙulen duhu a wani. Tumakin Mauve sun manne da juna, ba a gane bayan wannan daga cikin waccan. Cikin majami'ar Bosboom, inda ginshiƙi yake narkewa cikin inuwa a hankali, ya zama rami baƙi. Ƙari a kan haka takardar tana da ɗan sheƙi, abin da fentin ruwa ba shi da shi ko kaɗan, domin shi takarda ce take shan sa. Ɗalibin da ya fara sanin Makarantar Hague daga waɗannan kwafi zai ɗauka mutane ne masu dagula launi, ya wuce su da sauri, alhali su ne suka fi kowa ƙwarewa a kundin wajen auna haske.

Na nuna wa mai shagon takardar Mauve kusa da hoton asalin a waya. Ya duba ya ce, "Gaskiya ne, Malam, amma in na bar shi haka dishi-dishi, mai saye cewa zai yi tawada ce ta ƙare mini." Maganarsa tana da tushe, domin idonmu ya saba da hoton biki da na kalanda inda kome yake ƙyalli. Ya amince zai sake buga wa wanda ya nema a kan takarda marar sheƙi ba tare da ƙarin baƙi ba, da ɗan ƙarin kuɗi, kuma gwajin da ya yi mini ya fi na cikin kundin nesa ba kusa ba, ko da yake shuɗin da ke cikin tokar har yanzu yana karkata ga kore.

Akwai wata matsala da ta shafi kundin gaba ɗaya. Duk takardun girmansu ɗaya ne, kuma a ƙasan kowace an rubuta sunan mai zane da shekara kawai. Ba a faɗi girman asalin ba, ba a faɗi ko da alli aka yi shi ko da gawayi ko da alƙalami ba, ba a kuma faɗi gidan da yake ajiye ba. Ɗan shafin littafin aljihu da bai wuce tafin hannu ba an kumbura shi, babban aikin da aka yi domin bango kuma an matse shi, sai layin wancan ya zama kauri fiye da yadda hannu ya ja shi, na wannan ya sirance har ya ɓace. Ga mai neman ado wannan ba kome ba ne. Ga mai koyo kuwa rabin darasin ne ya tafi, tun da tambayar farko da yake yi wa kowane zane ita ce da me aka yi shi. Gidajen adana zanen suna ba da waɗannan bayanai tare da kowane hoto, saboda haka layi biyu ne kawai aka ƙi kwafowa.

Van Gogh ya kwashe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kundin, wanda ya yi yawa, amma an fahimci dalili, sunansa ne yake sayar da hajar. Abin yabo shi ne ba a tsaya ga shekarunsa na ƙarshe ba. An sa ayyukansa na Hague, inda ya zauna daga ƙarshen 1881 zuwa 1883, kuma idan aka ajiye su kusa da na Mauve da Israëls sai a ga ɗan gida ne. Yana da shekara 27 ya yanke shawarar zama mai zane a 1880, ya fara kamar kowa da kwafe darussan zane na Charles Bargue, sa'annan Mauve, wanda yake auren 'yar kawun Van Gogh, ya koya masa riƙe fentin ruwa. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka ɓata tsakaninsu shi ne ƙin da Van Gogh ya yi na ci gaba da zana mutum-mutumin filasta, ya ce shi mutane masu rai yake so. Yakan danna fensirin kafinta da ƙarfi, ya zuba wa takardar madara domin ya kashe ƙyallin baƙin, ya kuma yi amfani da wani firam mai zare a tsakiya domin ya daidaita nisa da kusa. A 1882 baffansa mai sayar da zane ya ba shi aikin zana wurare 12 na birnin da alƙalami. Tsofaffin gidan gajiyayyu da ya zana a can, da masaƙa da manoman ƙauyen Nuenen na 1884 da 1885, duk batutuwan Israëls ne, sai dai an cire musu laushi da neman tausayi, an bar ƙashi da gwiwa da tafin hannu.

Takardun Arles, kudancin Faransa, na 1888, su ne mafi kyawun bugu a kundin duka, domin tawada ce a kan farar takarda, babu hawa-hawan toka da na'ura za ta cinye. A can ya yanki kara ya fere shi ya zama alƙalami, ya riƙa gina gona da dutse da sama da ɗigo da gajeren layi da lanƙwasa, kowane irin abu da irin alamarsa, dabarar da ya tsinto daga zanen Japan da ya tara a Faris. Wannan kayan aiki ba baƙo ba ne a Katsina. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya fere alƙalami ya san yadda bakinsa yake ba da layi mai faɗi idan ya cika da tawada, ya kuma ba da busasshen layi mai tsagewa idan ta kusa ƙarewa, kuma waɗannan layuka biyu su ne ake gani a gonakin Arles. Malamin da ba shi da kuɗin fenti zai iya koyar da waɗannan takardu da abin da ke hannun yara. Shagon yana sayar da alƙalamin ƙarfe na waje da tsada, bai ajiye na kara ko ɗaya ba, kuma da ya haɗa biyu ko uku cikin jakar da kundin ya ƙara daraja ba tare da ya kashe wani abin kirki ba.

Ƙarshen kundin an yi shi da gaggawa. George Hendrik Breitner (1857–1923), wanda ya yi yawon zane tare da Van Gogh a unguwannin talakawan Hague a 1882 kafin ya koma Amstadam a 1886, ya sami takardu biyu na dawakai da titi, layukan da aka watsa da sauri irin na mutumin da shi ma yake ɗaukar hoto da kyamara. Sai Jan Toorop (1858–1928), haifaffen tsibirin Java a Indunisiya ta yau, wanda ya shiga ƙungiyar masu sabon salo ta Les XX a Beljiyam, ya kuma juya baya ga kwaikwayon abin da ido ya gani, ya koma zanen ishara, inda siraran hannaye suke tuna wa mutum 'yan tsanar wasan inuwa na Java, gashin mata kuma yake malala ya cika duk filin takarda. An sa tallarsa ta 1894 ta man girki na garin Delft, wadda ta yi suna har aka riƙa kiran salon gaba ɗaya da sunan man a Holan. Man gyaɗa ne, kuma mai lura zai ga gyaɗar a kusurwar sama ta hoton. Ba zanen hannu ba ne kai tsaye, bugun dutse ne, wato zanen da ake yi a kan dutse a buga shi a takarda, amma na yarda da sa shi domin yana nuna inda layi ya kai a ƙarshen ƙarnin.

Babu mace ko ɗaya a cikin masu zanen, ko da yake Suze Robertson (1855–1922) ta zana mata ma'aikata da baƙin alli mai nauyin da ba ya jin kunyar tsayawa kusa da na Van Gogh, Thérèse Schwartze (1851–1918) kuma ta yi suna da hotunan manyan mutane har da na gidan sarauta. Babu kuma Piet Mondrian na ƙuruciya, wanda ya shiga makarantar zane ta Amstadam a 1892 yana zana gonaki da itatuwa irin na Makarantar Hague, shekaru da dama kafin ya koma layuka a miƙe da jan launi da shuɗi da rawaya. Da an rage Van Gogh uku an sa waɗannan, da jerin ya kai inda ya nufa.

Mai shagon ya cire duk zanen tsiraici, wanda yake babban ɓangare ne na horon makarantun zane na wancan zamani, kuma ba na ganin laifinsa, domin kundin makarantu da gidaje zai shiga. Ya kuma ware takardun da babu mutum ko dabba a cikinsu, na itatuwa da ruwa da gine-gine, yana sayar da su daban ga waɗanda ba sa rataye hoton mai rai a ɗaki, kuma ya ce su ne suka fi fita. Wannan sanin abokin ciniki ne, kuma ya dace da hajar, tun da yawancin gwanintar mutanen Holan a zanen ƙasa da sama take.

Game da hidimar shagon, yaran suna da ladabi, suna barin mutum ya buɗe jakar ya duba kafin ya biya, sai dai suna kama takarda ta tsakiya da hannun da ya taɓa tawada, saboda haka a duba gefuna. Farashin kundin gaba ɗaya ya yi wa ɗalibi nauyi, kuma yana motsi da farashin takarda, amma ana sayar da ɗai-ɗai. Aikin firam ɗinsu mai kyau ne a kusurwa, kuma suna liƙe bayan da takarda yadda ƙura ba za ta shiga ba, abin da wasu masu firam a garin ba sa yi. Sai an roƙa suke sa kwali tsakanin hoto da gilashi, kuma ya kamata a roƙa, domin a zafin bazara irin wannan tawada tana iya mannewa da gilashin.

Wanda zai saya domin koyarwa ya ɗauki Koekkoek da Jongkind da Breitner da dukan na Arles kamar yadda suke. Na Mauve da Weissenbruch da Bosboom da 'yan Maris kuwa kada ya karɓi na cikin jakar, ya nemi a sake buga masa a takarda marar sheƙi, ya tsaya a wurin da hoton asalin a wayarsa har a fitar da gwajin farko, sa'annan ya sa a rubuta masa girma da kayan aikin kowane zane a bayan takardar kafin a sa ta a firam.